Ranar da Gwaggo Ta Zana Mijinta

Asibiti muka nufa ranar, ba wajen biki ba. Gwaggo yayar mahaifina ce, a Zango take zaune, kuma a lokacin da nake magana ta haura saba'in a lissafin mutane. A nata lissafin kuwa ta tsaya a sittin tun ina firamare. Mijinta ya rasu da 'yan shekaru, 'ya'yanta maza duk suna kudu suna fataucin shanu, don haka duk wata hidimarta da ta shafi Daura a kaina take faɗawa, tunda ni ke koyarwa a cikin gari, kuma ni ke da babur. Ciwon gwiwa ya matsa mata, ta aiko cewa in tare ta a tasha. Ta sauko daga mota da hantsi tana ɗingishi, tana faɗa wa direba ra'ayinta game da tuƙinsa. Na ɗora ta a baya, ta zauna a karkace, ta damƙe rigata kamar ta kama ɓarawo.

A asibiti aka ce likita ya tafi taro, sai bayan la'asar. Na ce mu je gidana ta ci abinci ta kwanta. Muna kan hanya sai iska ta kawo mana sautin kalangu.

Shekarun nan ne da aka dawo da shari'a, lokacin da babu wanda ya san matsayin ganga. Yau a ce an hana kiɗa, gobe a ce ba kiɗa aka hana ba, roƙo ne, jibi wani malami ya hau mumbari ya ce duk kanwar ja ce. Makaɗa da yawa sun rataye kayansu sun koma sayar da rake, wasu sun tsallaka Nijar inda biki bai mutu ba. A cikin wannan ruɗani ne masu kula da al'adu suka shirya bikin fasaha da kaɗe-kaɗen gargajiya a filin wata makarantar sakandare. Na ga sanarwar manne a bango tun makon da ya wuce, na ɗauka za a soke kafin ranar ta zo.

"Tsaya," in ji Gwaggo.

"Gida za mu, Gwaggo. Ƙafarki."

"Na ce ka tsaya. Hannun nan na san shi."

Ba a musu da Gwaggo a kan babur, domin tsunguli take yi. Na karya kan mashin muka shiga.

An kafa rumfuna, an ja igiya a tsakiyar fili, maza a dama, mata a hagu. 'Yan hisba cikin kakinsu suna zagayawa, fuskokinsu kamar na mutanen da aka aiko gadin tukunyar nama alhali suna azumi. Mai gabatarwa ya riƙe lasifika yana karanta sharuɗɗa: ba rawa, ba liƙi, ba guɗa, ba ambaton mace a waƙa ko da da zaurance ne. Na samu wuri a jikin igiya ta ɓangarenmu, Gwaggo ta sa wata budurwa ta tashi daga kujera ta ɗaya ɓangaren, muka zauna kafaɗa da kafaɗa, shari'a a tsakaninmu.

"To me ya rage?" ta tambaye ni. "Sai su raba mana auduga mu toshe kunne."

Wanda ya fara fitowa wani mai kukuma ne da duk Daura ta san shi da waƙoƙin direbobi da matan da ke jiran direbobi. Ranar ya zo da farar riga da carbi a wuya, ya yi waƙa a kan muhimmancin cika mudu. Matsalar ita ce bai canza kiɗan ba, kalmomi kawai ya sauya. Sai ga dattawa a layin baya, masu furfura da tabon salla a goshi, leɓunansu suna motsi da tsohuwar waƙar, ba su rasa ko baiti ɗaya ba. Bayansa aka kira mata masu shantu. Su kuma an kewaye su da zana, ana jin su ba a ganinsu, sai ƙafafunsu da lalle ta ƙasan zanar. Ban taɓa ganin maza sun mai da hankali a kan ƙafa irin na ranar ba.

Sannan mai kalangun ya dawo fili. Tsoho ne siriri, ido ɗaya ya yi fari. Ya fara da kiɗan da aka amince masa, yana tafiya a hankali a gaban rumfuna. Da ya zo daidai inda muke, ya dubi Gwaggo da lafiyayyen idon, ya tsaya. Sai ya matse kalangun a hammata ya juya kiɗa. Ni ban san abin da yake faɗa ba, amma tsofaffin matan da ke wurin duk suka waiwayo. Daga baya na ji cewa takenta ne na 'yanmatanci, lokacin da ita ce shugabar 'yan mata a dandalin garinsu, kuma shi ne yaron makaɗin da ke yi musu kiɗa. Ni dai tun da na buɗe ido na san Gwaggo da carbi da faɗa. Ban taɓa kawowa a raina cewa ta taɓa zama yarinya ba.

Kafaɗunta suka fara, sannan wuya. Ta daure iya daurewa tana zaune, tana kallon gaba kamar ba ita ba. Can sai ta dafa igiyar ta miƙe, a kan gwiwar nan da ta hana ta ruku'u tun damina, ta yi taku biyu gaba, ɗaya baya.

Wani ɗan hisba ya matso. Na san shi, tela ne a bayan unguwarmu, yana koyar da yara a islamiyya da yamma, yaro mai kunya wanda kakin ya yi masa yawa.

"Iya, an hana rawa."

"Wa ke rawa? Ƙafata ce ta sage nake miƙe ta. Likita ya ce in riƙa motsa ta."

Ya dube ni don in tabbatar. Na dubi sama. Mai kalangu ya koma kiɗan da aka amince masa ya wuce, Gwaggo ta zauna tana haki, idonta yana ƙyalli.

Da rana ta take, inuwar rumfa ta gudu ta bar mu. Gwaggo ta ce a nemo mata wuri mai sanyi da benci. Duk azuzuwan makarantar a kulle suke sai guda ɗaya, an rubuta a ƙofarsa da alli cewa nan ake koyon zane kyauta. Na ce mata wannan na masu koyo ne.

"To mu ma mun zo koyo," ta ce, ta shige.

Malamin zanen saurayi ne daga Zariya, ya karanta zane a jami'a, yana bautar ƙasa a makarantar. Yana da ɗan gemu tsinin allura da wata hula da ban san ƙasar da ake sa irinta ba. Daga ganinsa an riga an ja masa kunne. Akwai wata babbar jaka a jingine a bango, kunnen doki da aka zana yana leƙowa daga cikinta, shi kuma yana ta tura ta da ƙafa bayan tebur. A ajin akwai 'yan makaranta, da wani mai rubuta allon shaguna, da ma'aikata biyu da aka turo don a cika benci, da wasu mata a baya. Telan nan ɗan hisba ya biyo mu ya tsaya a bakin ƙofa. Ina jin an ce masa ya sa ido a kan Gwaggo.

Ɗaya daga cikin ma'aikatan ya ba da shawara a zana rijiyar Kusugu, tunda ita ce abin alfaharin gari. Wani ɗalibi ya tambaya ko har da macijin. Ɗan hisba ya ce maciji abu ne mai rai. Ɗalibin ya ce ai an kashe shi tun kafin a haifi kakannin kakanninmu, kuma har kai aka sare masa. Ɗan hisba ya juya maganar, sannan ya ce sai ya tambayo. Malamin zane ya share gumi, ya ɗauko butar alwala ta roba ya dangwarar a kan tebur.

"Buta za mu zana," in ji shi.

Ya raba mana takarda da fensir. Ya ce kada mu zana butar da muka sani, mu zana wadda muke gani. Ya nuna mana yadda ake miƙe hannu da fensir, a rufe ido ɗaya, a auna tsawo da faɗi.

"Wannan kuma harbin butar za mu yi?" in ji Gwaggo daga bayan aji.

Na ɗauka abin wasa ne. Ni da nake rubutu a allo kullum, har ana yabon hannuna, buta ce za ta gagare ni? Amma da na zauna na dube ta sosai, sai na ga ban san ta ba. Tun ina yaro nake ɗaukar buta safe da yamma, ban taɓa lura cewa hancinta daga can ƙasan ciki yake tasowa ba, ko cewa mariƙinta ya fi murfin tsawo. Idona yana ganin abu ɗaya, hannuna yana yin abin da ya ga dama. Na goge, na sake, na goge har takardar ta fara yin gashi. Wani abu kuma ya same ni da ban zata ba: na daina jin kiɗan waje, na manta da asibiti, duniya ta rage daga ni sai butar roba mai ruwan ganye. Rabon da in nutsu haka a kan abu ɗaya har na manta, kuma da kunya nake cewa har da salla.

Ina cikin wannan hali na ji numfashi a kafaɗata. Ɗan hisba ne.

"Malam," ya ce a hankali, don kada ya kunyata ni, "wannan ba agwagwa ba ce?"

Na duba. Agwagwa ce. Har da alamar tana jin haushi. Na rantse masa cewa buta na yi niyya, ya ce ayyuka suna bin niyya, amma in rage mata wuya.

Duk wannan lokaci ba a ji muryar Gwaggo ba, abin da ya kamata ya tsorata ni tun da wuri. Ba ta taɓa riƙe fensir ba a rayuwarta. Ta damƙe shi a tafin hannu kamar muciya, ta sunkuya har goshinta ya kusa taɓa benci, harshenta a waje. Sau biyu bakin fensirin yana karyewa, ta miƙa wa matar da ke kusa da ita ta feƙe mata ba tare da ta ɗago kai ba. Ko sau ɗaya ba ta kalli butar ba.

Malamin zane yana zagayawa yana yaba wa kowa, har ya iso kanta. Na taso na bi shi. A takardar akwai wani ƙaton abu mai kewaye, da mariƙi ɗaya a dama ɗaya a hagu, da wani abu kamar murfi a sama. A ƙasa ta ja layuka a kwance, ta ɗiga wasu 'yan tabo.

"Madalla, Iya," in ji shi. "Kin kama cikin butar sosai. Sai dai mariƙinta ɗaya ne, ke kin yi biyu."

"Wace buta? Malam ne."

"Wane malam?"

"Mijina."

Kowa ya ɗago kai. Mai rubuta allon shaguna ya ajiye fensirinsa ya juyo da benci gaba ɗaya don kada wani abu ya wuce shi. Ɗan hisba ya tako a hankali kamar wanda aka kira ya raba faɗan surukai. Malamin zane, wanda nake jin ya riga ya hango kansa a gaban alƙali, ya yi sauri ya ce buta ce, akwai irinta mai mariƙi biyu a ƙasar Larabawa, tsohuwa ce kawai take raha.

"Kai ka aure shi ko ni?" in ji Gwaggo.

Ɗan hisba ya durƙusa a gabanta, don yaro ne mai tarbiyya. "Iya, malamai sun ce duk wanda ya zana abu mai rai, ranar lahira za a ce ya busa masa rai."

"In aka ce in busa, sai in roƙi arziki a bar shi ya huta. Ya sha wahala, ni ma na sha."

Wata mata a baya ta tura mayafi a baki. Yaron ya miƙe. Ya karɓi takardar da hannu biyu, ya ce zai kai wa babbansu. Gwaggo ta ce ba inda mijinta zai je ba tare da ita ba, sai dai babban ya zo. Haka kuwa aka yi. Aka kira shi daga rumfar manyan baƙi, wani dattijon malami mai tabarau, yana tafe yana sakace haƙori. Aka yi masa bayani. Ya karɓi takardar ya duba. Ya juya ta ƙasa ta koma sama. Ya kwantar da ita a gefe. Ya cire tabarau ya goge ya mayar.

"Abin da aka hana," ya ce, "shi ne kwaikwayon halittar Allah. Ni kuwa iya sanina, ban ga halittar da wannan ya kwaikwaya ba. Ku ba ta takardarta."

Malamin zane ya sauke ajiyar zuciya har gemunsa ya motsa. Kowa ya ji daɗi ban da Gwaggo. Ta miƙe tsaye.

"Wato ban iya ba ke nan."

"Ban ce haka ba, Hajiya."

"Ka ce. Gara ka ce na yi laifi a kai ni gaban alƙali."

Dattijon ya dube ni, ya gane nawa ne kayan, ya ce Allah ya ba ni lada, ya koma wajen shinkafarsa. Gwaggo ta naɗe takardar ta soke a ƙugu, ta haɗa da fensirin. Na ce fensirin na makaranta ne. Ta ce yaron nan mai gemu ya ba ta da ido.

Bayan la'asar muka samu likita. Ya lallatsa gwiwar, ya ce ta kumbura fiye da yadda ya kamata, ya tambaya ko ta yi wani aikin wahala yau. Gwaggo ta ce tun safe a zaune take, ni ne shaida. Na ce haka ne, galibi.

Muna kan benci muna jiran a kira mu karɓar magani, ta zaro takardar ta shimfiɗa a cinya tana gyara ninkin. Fushin bai gama sauka ba. Na ga dama ta samu, na tambaye ta abin da ke cina tun a aji.

"Gwaggo, me ya sa ba ki yi masa ido da hanci ba? Da kin sa, ai da an gane mutum ne."

Ta dube ni kamar yadda take duban ɗan akuyar da ya shiga rumbu.

"Ido a ƙeya? Kai ma ba ka da hankali ashe."

Sai ta bi zanen da yatsa tana nuna mini. Abin da muka kira mariƙi kunnuwa ne. Murfin hularsa ce, wadda yake turawa gaba in rana ta yi zafi. Layukan ninkin wuyansa ne, tabon kuma na ƙahon da wanzami ke yi masa duk shekara in an gama girbi.

"In za mu gona, yana gaba ina baya. In za mu garinmu, yana kan jaki ina baya. Da ya sayi keke, ina baya. In na kai masa tuwo, ya juya ya fuskanci bango yana ci. Mu a zamaninmu ba a zama a ƙura wa miji ido kamar za a saye shi. Na san fuskar mana, ba makauniya ba ce ni. Amma in na rufe ido ba ita ke zuwa ba, wannan ke zuwa."

Na sake duban takardar. Ina yaro, in mun je Zango da salla, a bayansa nake tsayawa a filin idi, ina kallon kunnuwan nan da rana ke ratsawa su yi ja. Shi ne. Duk wanda ya taɓa bin mutumin nan a baya zai gane shi. Ba shi da hoto ko ɗaya a duniya, domin har ya rasu yana cewa mai ɗaukar hoto ɗan iska ne. Na fara neman kalmar da ta dace.

"Fuskar ma ba wani abin a zo a gani ba ce," in ji Gwaggo. "Ƙeyar ta fi." Aka kira sunanta ta taga, ta ce in tashi in karɓo.

Ba a daɗe ba wani direban Zango ya tsaya a ƙofar makarantarmu da saƙo: Gwaggo ta ce in aika mata da takarda mai yawa da reza. Na aika. Ashe akwai wata maƙwabciyarta da suka shekara suna rigima a kan kaji da magudanar ruwa, ita ta zauna ta zana, wannan karon ta gaba. Ta yi mata haƙori ɗaya tal a baki, kamar yadda Allah ya bar mata, ta ba jikokin gidan su kai mata kyauta. Matar ta gane kanta nan take, ta yafa mayafi ta tafi wajen mai unguwa.

Aka kira Gwaggo. Mai unguwa ya duba takardar, ya yi tari, ya ba na kusa da shi, shi ma ya yi tari. Aka tambayi waɗanda ke zaune ko sun san wadda aka zana, kowa ya ce ya sani. Mai unguwa ya yanke cewa Gwaggo ta yi laifi biyu, na zanen mai rai da na cin fuskar maƙwabciya, ta ba da haƙuri kuma ta yaga takardar a gaban jama'a. Ta ba da haƙurin da murya mai daɗi, ta yaga da hannunta. Wanda ya ba ni labari ya ce a hanyar komawa gida ta tsaya ta sayi ƙosai ta raba wa yaran unguwa, kuma ranar ba ta yi ɗingishi ba sai da ta zo daidai ƙofar maƙwabciyar.